Injin da ke daskarar da abinci ya busar da shi, ko akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Maman Hanan, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana karatu a Ingila, kullum kukansa abinci. Na ga wani bidiyo, wata Ba'amurkiya ta zuba dafaffiyar shinkafa da wake a inji, suka fito ƙamas kamar biskit, ta zuba ruwan zafi suka dawo kamar yanzu aka sauke. Shin firiza ta gida za ta yi wannan aikin? So nake in yi masa miyar taushe da faten wake.

Anti Bilki, Amurka: Wa alaikumus salam Maman Hanan. Ina da irinsa, na kamfanin Harvest Right da ke jihar Utah. Firiza ba za ta yi ba. Injin yakan daskarar da abincin har wajen digiri 40 ƙasa da sifili, sannan famfonsa ya zuƙe iskar ciki, ya ɗan ɗumama farantan. A haka ƙanƙarar take tashi ta zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, shi ya sa abincin ba ya motsewa, launinsa ma yana nan. Zubi ɗaya yakan ci min awa 24 zuwa 40.

Faten wake yana yin kyau sosai, shinkafa ma haka, alayyafo kuwa kamar yau aka tsinko. Amma mai shi ne matsalar. Mai ba ya bushewa. Na taɓa yin miya da manja yadda muka saba, yana yawo a sama, bayan 'yan watanni na buɗe ledar sai warin tsohon mai. Yanzu ba na sa mai sai ranar ci. Kuma sai an rufe a leda mai kauri mai hana iska, a jefa ɗan ƙunshin da ke shanye iskar, in ba haka ba danshi ya koma. Ɗanyen nama kuwa ɗanye yake fitowa, injin ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Lokacin da na saya, kuɗin injin ya haura dala 2,000.

Injiniya Sabo: Hajiya, ki fara tambayar kanki wuta. Kwana ɗaya da rabi ba ɗaukewa, a Kaduna? In aka ɗauke tsakiyar aiki ƙanƙara ta narke, an yi asarar cefane. Sai dai sola mai manyan batura. A duba kuma, injin kasuwar Amurka na wuta mai ƙarfin volt 110 ne, tamu wutar kuwa volt 230 ce.

Hajiya Yaya, Zariya: Ke 'yar nan, wace wahala ce wannan? Daka masa kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, daddawa, yaji, ki haɗa da dambun nama. Minti goma ya kaɗa miyarsa. Namiji ne ba gurgu ba.

Anti Bilki: Hajiya, banda dambun. Ingila ba sa barin a shigar da nama daga Najeriya, ko busasshe ne, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Maman Hanan: Dala dubu biyu! Na gode ƙwarai. Hajiya Yaya, kauɗar nan jiƙa ta zai yi kafin ya markaɗa, ko in daka masa ita gari tun daga nan?