Sitiyari ko gilashin VR, da wanne zan fara?

Dan_Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar gem ɗin tseren mota ina neman shawara. Ina da kwamfutar tebur da nake aikin zane da ita, katin girafik ɗinta RTX 3060 ne mai 12GB, RAM 16, kuma da fad, wato abin buga gem na riƙewa a hannu, nake buga Assetto Corsa tun bara. Yanzu na ɗan tara 'yan kuɗi ina so in haɗa wajen tuƙi a ɗakina, sitiyari da feda da kujera har da gilashin VR ɗin nan da ake sawa a fuska, amma wlh kuɗin ba za su kai duka lokaci ɗaya ba. Na samu mai sitiyarin Logitech G29 na hannu a Kano, na kuma samu mai gilashin Quest 2 na hannu, to da wanne ya kamata in fara? Kuma wannan kwamfutar tawa za ta ja VR kuwa ko asarar kuɗi zan yi?

Injiniya_Bolari:
Wa alaikumus salam ƙanina. Sitiyari tukuna, wannan ko tantama babu. Kai ba ma sitiyari kawai ba, abin da za ka ɗaure shi a kai, don nan ne mutanenmu suke raina abu. G29 tun 2015 ya fito amma har yau shi ne na masu farawa, yana juyawa digiri 900, feda uku gare shi, totur da birki da kulochi, kuma yana aiki a kwamfuta da PlayStation. Ɗan uwansa G920 na Xbox ne da kwamfuta, ka duba da kyau kar a haɗa ka da wanda ba shi ba in kana tunanin sayen PS nan gaba. Kafin ka tura ko sisi ka sa mai shi ya yi maka bidiyo yana jona shi, lafiyayye da kansa yake juyawa hagu da dama ya dawo tsakiya, sannan ya taka kowace feda a hankali ka ga layin da ke nuna takun a allo yana hawa ba rawa, domin ƙura tana shiga cikinsu sai ka ga mota tana taka birki ita kaɗai. Ka tabbatar adaftan wutarsa na asali na nan. Ƙarar kaf-kaf da zai riƙa yi in ka hau gefen titi ba lalacewa ba ce, haƙoran giya ne a cikinsa haka yake, in dai akwai mai barci a ɗakin da ke kusa to ka shirya jin ƙorafi.

Kujera kuma kar ka sayi ta waje, kuɗin dakonta kaɗai ya isa wani abu. Ka je wajen masu kayan tsofaffin motoci ka ɗauki kujerar gaba, ka ce a ba ka har da relin ƙasanta mai ja gaba da baya, ka kai wa mai walda ya haɗa maka firem da faif mai kusurwa huɗu, kujera da feda da sitiyari duk a ƙarfe ɗaya. Dalilin da nake nanata wannan, birkin G29 akwai roba mai tauri a cikinsa, in kana kan kujerar roba a kan tayil da ka taka da ƙarfi kai ne za ka yi baya fedar ta yi gaba, kuma in gilashi na fuskarka ba ka ganin ƙafarka balle ka gyara.

Mai_Golf:
Hhhh duk wannan wahalar ka ƙara kuɗi ka sayi tsohuwar Golf mana ka hau hanyar Dadin Kowa, iska ma kyauta.

Dan_Tumfure:
Oga ita Golf ɗin mai take sha, kuma in na daki bango a gem ba mai kai ni asibiti. Injiniya na gode sosai, to batun VR ɗin fa, 3060 za ta ja?

Baban_Ummi:
Daga Bauchi nake bibiya. Na yarda da Injiniya a kan sitiyari amma ni shawarata kar ka sayi gilashin nan sai ka ari na wani ka sa tukuna, don ba kowane kai ne yake ɗauka ba. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa kana gudu kana shan kwana, cikin kunne kuma da ke kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune kake, wannan saɓanin ne yake kawo jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi. Yawancin mutane suna sabawa amma a hankali, minti 10 ka cire, da ka ji cikinka ya fara juyi kar ka ce za ka daure, daurewa ƙara shi take yi. Ka fara da fili shimfiɗaɗɗe irin Monza da ƙaramar mota, kar ka fara da Nordschleife mai sama da kilomita 20 hawa da gangara, kuma in mota ta juya da kai ka rufe ido. Ribas ma yana tayar da zuciya.

Ni PS5 gare ni da gilashin PS VR2 a gem ɗin Gran Turismo 7, kebul ɗaya ka jona shikenan ba saitin komai, sai dai lokacin da ya fito a 2023 dala 550 ne, ya fi PS5 ɗin kanta tsada, don haka tunda kana da kwamfuta ba na ce ka bi hanyata ba. Abin da ba a faɗa a bidiyoyin Turawa shi ne zafi. Su a ɗakin sanyi suke, kai kuma a watan Afrilu a Gombe ka ɗaure soso a fuska, gilashin yana ɗumi, gumi ya sa tabaran ya yi hazo. Fanka a gabanka tana dukan fuska dole ce, tana rage jirin ma.

Injiniya_Bolari:
Gaskiya ne Baban Ummi, na manta da fankar. Ƙanina 3060 za ta ja Assetto Corsa na 2014 da kake bugawa lafiya lau, da Automobilista 2 in ka rage inuwa da madubai, amma ƙaninsa Assetto Corsa Competizione ka bar shi a allo, a VR nauyi gare shi ko a manyan katuna. Sirrin kawai hoto ya tsaya daram, Quest 2 yana nuna hoto 72 ko 90 ko 120 a sakan, ka ajiye shi a 72 ba ya tsalle ya fi ka kai shi 90 yana kakarewa, don wannan kakarewar ita ce take ƙara jirin da ake magana. Ka haɗa da kebul na USB 3 mai tsawo, tunda a zaune kake kebul ba zai dame ka ba. In ka ce sai Air Link, wato haɗa gilashin da kwamfuta ba kebul, to sai rauta mai 5GHz a ɗakin da aka jona da kwamfuta ta kebul, ba data yake ci ba amma ƙaramin MiFi ba zai yi ba. Batirinsa wajen awa 2 yake yi, ko da kebul ma wasu kwamfutocin ba sa ba shi cajin da zai ishe shi sai dai ya riƙa sauka a hankali.

Sannan kar ka kuskura ka ajiye shi rana tana shiga tabaran ta taga, yana tattara hasken ya ƙona allon ciki ya bar tabo har abada, don haka na hannun nan ka sa a nuna maka farin hoto a ciki kafin ka biya. Lokacin hunturu ka lulluɓe feda da sitiyari da tsohon zani. UPS ma, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka sa a lissafi, ko inbata gare ka, don a ɗauke wuta kana tsakiyar kwana komai ya yi duhu a fuskarka ba daɗi, ita ma kwamfutar ba ta so.

Dan_Tumfure:
Allah ya saka da alheri. Na yi wa mai G29 magana ya turo bidiyon gobe, gilashin zai jira bayan sallah in na samu aro na gwada. Injiniya don Allah in kana da awon naka firem ɗin, tsawo daga kujera zuwa feda da tsayin sitiyari, ka turo min in nuna wa mai walda.

Injiniya_Bolari:
Kar ka bi nawa, ni gajere ne. Ka ɗauki tef ka zauna a motar wani ka gyara kujera yadda ta yi maka ka auna, kuma ka ce ya huda maka ramuka uku ko huɗu a wajen feda da noti, kar ya kama ta da walda.