Neman taimako kan ƙagaggiyar duniya mai wata biyu

Ina rubuta labari a kan wata ƙagaggiyar duniya mai duwatsu, faɗinta kusan kilomita 6,800 kamar Mars, kuma ina so ta kasance da iska mai kauri da duwatsu masu aman wuta. A nan na cije, domin ƙaramar duniya takan huce da wuri, kamar yadda Mars ta rasa garkuwar maganaɗisunta kuma yawancin iskarta ta salwanta. Na ba ta wata biyu da fatan jansu zai ɗumama cikinta, irin abin da babbar duniyar nan Jupiter ke yi wa watanta Io, sai dai a can babba ne ke matsa ƙarami. Shin wata mai girman namu zai wadatar, ko dole ne in ƙara wa duniyar nauyi?