Kwamfutata ta koma tafiyar hawainiya tun da na sabunta Windows

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Laftof ce da yayana ya bar min da ya sayi sabuwa. Shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, ko faɗuwar da ta yi daga kan gado bara, murfin baya kawai ya tsage. Ni dama ban so a taɓa ta ba, shi ya matsa min wai an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, dole in koma 11. Na koma. Tun daga nan in na buɗe Word sai na gama naɗe kayan wanki kafin ya fito. Ga malamina yana jiran babi na huɗu ranar Litinin, kuma mutum ne da ba ya jin uzuri. Na duba Task Manager, wurin da Windows ke nuna yadda kwamfuta ke aiki, gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya tsaya cak a 0.39 GHz, alhali a gefe an rubuta asalin gudunta 1.60 ne. Firosesar i5-8250U ce. Ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Zafi ne, ba wani abu ba. Irin wannan firosesar in ta doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shekara huɗu ba a buɗe ta ba, ƙura ta toshe fanka, man da ake shafa wa firosesa ya bushe. A buɗe, a hure, a sa sabon mai. Na gyara irinta ban san adadi ba.

Ummu Hanan: Malam, ba ta zafi fa. Ina kunna ta da safe a sanyaye take nuna 0.39 ɗin.

Injiniya: Tafin hannu ba ma'aunin zafi ba ne, Hajiya.

Baban Walid: To ai sai ta auna. Sauke manhajar HWiNFO ki duba zafin. In bai wuce digiri 50 ko 60 ba kuma gudun na maƙale, maganar fanka ta faɗi. Tsayuwa a lamba ɗaya tak irin wannan ya fi kama da BD PROCHOT: wani sashe na kwamfutar, batir ko caja ko na'urar auna zafi da ta lalace, shi ke aika wa firosesa saƙon ta ja birki. Wace caja kike amfani da ita?

Maman Iman: Wayyo, kin tuna min da tawa. Na kai wa wani mai gyara kan irin wannan matsalar, ya riƙe ta sati uku, ya dawo min da ita ya goge hotunan sunan 'yata kaf. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ki kwashe aikinki a filas kafin kowa ya taɓa ta.

Ɗan Fasaha: Ki koma 10 kawai ki huta. Settings, System, Recovery, za ki ga Go back. Kwana 10 ake ba mutum.

Ummu Hanan: Maɓallin ba ya dannuwa. Na share wani babban folda Windows.old don wuri ya cika min. Ai babu wanda ya ce min yana da amfani.

Ɗan Fasaha: Innalillahi. Shi ne hanyar komawar.

Baban Walid: Ba ki amsa min maganar caja ba.

Ummu Hanan: Ta asalin ta ƙone a satin da na sabunta, ina amfani da ta ƙanwata. Amma bakinsu ɗaya, kuma tana caji lafiya lau.

Baban Walid: Baki ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Juya ta ki karanta, wat 45 aka rubuta ko 65? Wasu laftof in ba su gane cajar ba, ko ta yi musu kaɗan, sai su danne firosesa. Zare ta, ki bar kwamfutar kan batir, ki ga ko lambar za ta motsa.

Injiniya: Ana ta kewaye-kewaye. In ba ta son buɗewa, ta sauke manhajar ThrottleStop ta cire alamar da ke kan BD PROCHOT, yanzu gudun zai dawo.

Baban Walid: Ɗazu ka ce zafi ne, yanzu kuma ka ce ta kashe abin da ke kare ta daga zafin? In batirin ne ya kumbura fa? Ta ce murfin baya a tsage yake.

Injiniya: Yallaɓai, ni a hannu na koyi aikin nan.

Ummu Hanan: Ni dai ban yarda caja ce ba, ƙanwata tana amfani da ita ba matsala. Batirin kuma ba ya kai minti biyar in na zare, dama can haka yake. Babu wani saiti da zan danna kawai? Wani ya ce min a Power Options akwai wurin da ake mayar da firosesa kashi 100.

Ɗan Fasaha: Akwai, Maximum processor state. Duba ki gaya mana.

Ummu Hanan: A kan 100 yake.

Maman Iman: Kin kwashe aikin dai?