Neman shawara: ɗana mai otizim yana sulalewa daga gida

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ɗana shekararsa 6, bara likita ya tabbatar mana yana da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane. Maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Gidan haya muke a Tudun Wada, Kaduna, ƙofar gidan kuwa tun asuba a buɗe take. Da an tayar da injin markaɗe ko janareta sai ya toshe kunnuwansa ya fice. Ranar Laraba a bakin titi wani mai Keke Napep ya tsinto shi, ko takalmi babu. Surukata ta ce iska ce, a kai shi ruƙiyya, kuma a daina faɗa wa mutane don kada a ƙi auren yayyensa mata. Maigida ya ce a riƙa kulle shi a ɗaki. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Rigasa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Nawa yanzu shekararsa 11, na sha irin wannan. Ɓoyewa ce ta fi wahalar da mu. Na riƙe hannunsa na kai shi wurin mai shagon bakin layi, da mai shayi, da ladanin masallacinmu. Na ce ku dube shi da kyau, in kun gan shi shi kaɗai ku tare min shi, kada ku daka masa tsawa, kada ku fizge shi, ku tsaya a gabansa kawai ku kira ni. Yau ko almajiran layin sun san shi. Sannan na sa tela ya ɗinka lambar wayata a cikin wuyan kowace rigarsa, don takarda a aljihu yaga ta yake yi.

Wani kafinta daga Kawo: Hajiya, ki nemi izinin mai gidan a sa sakata can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Aikin minti goma ne.

Wata malamar jinya: Kullewa a ɗaki ba na goyon bayanta ko kaɗan. Yaron nan ba yawo yake so ba, ƙara yake gudu, don da yawa daga masu otizim ƙarar da mu muke jurewa su ciwo take musu. Ki roƙi mai markaɗen ta riƙa aiko miki kafin ta tayar da injin, ki shige da shi ƙuryar ɗaki tare da abin da ya fi so, ki gwada masa abin toshe kunne. Ki kula da rijiya da kwalbati, musamman da damina, yaran nan ruwa na jan su. In ba a taɓa auna jinsa ba, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan cikin Kaduna. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ma suna ganin yara, ki tambayi mai koyar da magana.

Wani malamin Islamiyya: A bi surukarki a hankali, tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Addu'a ba ta hana asibiti. Ku tofa masa Falaƙi da Nasi ku da kanku. Amma duk wanda zai doke shi ko ya turara masa hayaƙi mai shaƙewa da sunan fitar da aljani, kada ku ba shi yaronku.

Wani uba daga Unguwar Rimi: Ni mijin zan yi wa magana. Malam, ka riƙa tafiya da shi sallar Magariba, mutane su saba da shi a hannunka. Uwa ita kaɗai ba za ta iya ba. Kuma tun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, kada wata makaranta ta raina muku hankali.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. An sa sakatar ɗazu. Maman Rigasa, da zare telan ya rubuta lambar ko da alƙalami? Ina tsoron wanki ya goge ta.

Wata uwa daga Rigasa: Da zare, irin na masu aikin wuyan riga. Ki ce ya yi ta ciki a kan ƙyalle mai laushi, in tana sukarsa cire rigar zai yi.