Kwanakin da naira ta ɓace: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Malamin Firamare, Zariya:
Assalamu alaikum. A makon jiya ina gyaran akwatin takardu sai na ci karo da wata 'yar guntuwar takarda da aka rubuta 214 a kanta da jan biro. Lambar layina ce a ƙofar wani banki a watan Fabrairun 2023. Na bar gida bayan sallar asuba, na tarar wasu sun kwana a wurin a kan kwali, kuma kafin la'asar aka ce kuɗi sun ƙare tun layi bai kai ga ɗari da hamsin ba. Na koma gida a ƙasa, domin ko kuɗin achaba babu a aljihuna, alhali albashina na Janairu yana kwance a asusu ban taɓa shi ba.

Ga waɗanda suka fara mantawa, ranar 26 ga Oktoban 2022 ne gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, kimanin tiriliyan 2.7 suna hannun jama'a, ba sa cikin bankuna. Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mun kai tsofaffin kuɗinmu kamar yadda aka umarta, amma sababbin ba su fito daidai da abin da aka karɓe ba. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya same shi ko ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Ɗan Lambu, Kadawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku ma'aikata kuɗinku yana jiran ku a asusu, mu kuwa namu ruɓewa ya yi a gona. Abin ya faɗo daidai lokacin da tumatirin rani ya nuna, kuma tumatir ba ya jiran hukuncin kotu. Na kai kwando goma sha takwas kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, masu saye daga Kudu suna nan da motocinsu, amma kowa ya ce sai dai ya yi mini taransifa. Ni a lokacin ba ni da asusu, masu tsinka da masu dako da mai motar da ya kawo ni kuwa duk tsabar kuɗi suke jira. Wani da ke da sababbin takardu a hannu ya taya mini ƙasa da rabin farashin safiyar, kuma na sallama masa, domin na san idan rana ta faɗi ko wannan ba zan samu ba. Ragowar da ke gona muka yanka muka shanya ya zama kauɗa. Bashin takin da na ci a shekarar sai da na sayar da akuyar maiɗakina kafin na biya.

Mai POS, Gusau:
Na san a wannan zance mu ne za a fi zagi, saboda haka bari in faɗi nawa tun da wuri. Gaskiya ne na karɓi naira dubu biyu a kan kowace dubu goma, kuma ba na alfahari da hakan. Sai dai mutane ba su san cewa ni ma sayen kuɗin nake yi ba. Abin da banki ke ba ni, idan ma ya ba ni, ba ya kai awa guda, don haka da magariba nake zagayawa wurin masu gidan mai da manyan 'yan tireda in tura musu dubu ɗari da goma sha biyar su ba ni dubu ɗari a hannu. Naira ta zama haja kamar gero, tana da farashin sari da na kiri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata tsohuwa da ɗanta ya turo mata dubu biyar daga Legas ta asusuna. Da na faɗa mata abin da za a cire, sai ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, kuɗin ma haya ake ba da su yanzu?” Na ba ta cif, amma ta bayanta na cire.

Uwar Gida, Kurna:
Malam, mu a unguwarmu littafin mai shago ne ya zama banki. Kusan mako biyar ban riƙe takardar kuɗi ba. Mai shago ya rubuta shinkafa da mai da magi, mai kayan miya ya yarda in tura wa ƙaninsa da ke da asusu, mai ruwa kuma na biya shi da kwanon garin masara sau biyu. Wanda ba a san shi a unguwa ba, ko wanda ya taɓa cin bashi ya hana, shi ne ya ga ta kansa. Ranar da na fi jin kunya ita ce ranar da na tura wa mai nama kuɗi, aka cire daga asusuna, shi kuwa alat bai shigo masa ba. Na tsaya gaban teburinsa fiye da awa guda ina nuna masa waya, a ƙarshe na bar naman na tafi. Sai bayan kwana tara kuɗin suka dawo.

Tsohon Ma'aikaci, Katsina:
'Ya'yana, ni wannan ne karo na biyu. A watan Afrilun 1984, lokacin Janar Buhari yana shugaban mulkin soja, an canza launin takardun naira, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Na ga Fulani sun shigo gari da kuɗi a ƙunshe cikin tsumma, wasu sun iso bayan an rufe. Shi ya sa da na ji sanarwar 2022 na kira 'yan'uwana na ƙauye na ce kowa ya mayar da abin da ya ajiye hatsi ko dabba. Waɗanda suka ji maganata ba su yi asara ba. Bambancin da na lura da shi shi ne, a 1984 idan ka jure layi za a miƙo maka sababbi a madadin tsofaffinka, a 2023 kuwa sai a karɓi naka a ce ka je ka yi amfani da waya, a garin da sai an hau tudu ake samun sabis.

Dillalin Shanu, Maigatari:
Baba ya faɗi gaskiya. A kasuwarmu ta ranar Alhamis, makiyayin da ya kawo sa ba ya karɓar saƙon waya a madadin sansa, kuma ban ga laifinsa ba. Makonni da dama cinikin kara ya koma sefa, mutanen da a da suke roƙon a ba su naira suka koma ƙin ta, 'yan canji kuma suka ci kasuwarsu. Ni da la'ada nake ci, akwai Alhamis biyu da na koma gida hannu rabbana.

Direban Bas, Kaduna:
Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rashin sanin maganar wa za a bi. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 8 ga Fabrairu kotu ta dakatar da wa'adin. Ranar 16 ga wata Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa har 10 ga Afrilu. Gwamna El-Rufai kuma ya fito ya ce mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar tsofaffin duka. To fasinja ya miƙo mini tsohuwar dubu yana cewa gwamna ya ce a karɓa, in je gidan mai a ce shugaban ƙasa ya ce ta mutu. Na tara tsofaffin takardu na dubu arba'in da ɗoriya a ƙarƙashin kujera ban san ko kuɗi ne ko takarda ba. Ko da kotu ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, babu wanda ya yarda ya karɓa sai da Babban Banki ya yi magana ranar 13 ga wata.

Ɗalibin Jami'a, Sakkwato:
Ina neman afuwar iyayena da yayyena, amma ya kamata a faɗi ɗaya ɓangaren. Manufar da aka bayyana ba ta banza ba ce: rage sayen ƙuri'a a zaɓen 25 ga Fabrairu, toshe hanyar biyan kuɗin fansa, da jawo kuɗi cikin bankuna. Kuɗin da ke yawo sun sauko ƙasa da tiriliyan ɗaya a ƙarshen Fabrairu. Kuma ni shaida ne cewa mai shayin ƙofar makarantarmu, wanda a da ko sunan asusu ba ya son ji, tun daga lokacin ya liƙa lambar asusunsa a jikin teburi, har yau da ita muke biyansa.

Malamar Asibiti, Bauchi:
Ƙanena, ban musa maka ba, amma zo ka ji. A rumfar da na yi zaɓe ban ga an raba kuɗi ba, taliya da sabulu da atamfa na gani, wasu kuma aka karɓi lambar asusunsu. A wurin aikina kuwa, wani dare aka kawo mace tana naƙuda tana zubar da jini, ana bukatar a sayo magani da ledar jini daga waje. Mijin yana da kuɗi a asusu, ya yi ta gwada turawa sabis yana yankewa, mai kemis kuma ya ce an sha cutarsa da alat na bogi, ba zai ba da kaya ba sai ya gani a wayarsa. Mu ma'aikatan dare muka juye jakunkunanmu, da 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, muka haɗa abin da ya samu, maigadi ya cika da abin da ke aljihunsa. Allah ya sa ta tashi, ita da jaririyar. Mijin ya dawo bayan mako guda da kuɗin kowa a ƙulle daban-daban cikin takarda, ya rubuta suna a kan kowanne.

Ɗan Lambu, Kadawa:
Ɗalibi, ni ma na buɗe asusun, ɗana ya kai ni aka ɗauki hoton yatsuna aka ba ni BVN, wato lambar shaidar mai asusu a banki. Amma ka tambaye ni nawa ke ciki. Duk abin da aka turo mini, a ranar nake zuwa wurin mai POS in cire, in biya ma'aikata, ragowar in sayi buhun masara in jingine a ɗaki.

Malamin Firamare, Zariya:
Na gode muku duka. Direba, ka bar mu a rataye: tsofaffin takardun nan na ƙarƙashin kujera, yaya ka ƙare da su?

Direban Bas, Kaduna:
Malam, da su na yi cefanen azumi, domin watan Ramadan ya kama kwana goma bayan sanarwar Babban Banki. Daga baya ma aka ce tsofaffi da sababbi su ci gaba da tafiya tare babu wa'adi. Ɗazu da safe wani fasinja ya biya ni da tsohuwar dubu, na ba shi canji da sabuwar ɗari biyar.