Sista a rigimar gona: aikin Allah ne ko siyasa?

Baba Katikis: Salamar Ubangiji gare ku duka. Jiya bayan Misa ɗiyata ta karanta mini labarin Sista Dorothy Stang, Ba'amurkiyar da aka harbe a Brazil ranar 12 ga Fabrairun 2005, tana da shekara 73. Na yi mata addu'a, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Me ya kai sista cikin rigimar gona? Alkawari uku ta ɗauka gaban bagade: talauci, tsarki da biyayya. Ban ji na huɗu ba da ya ce ta ja daga da masu shanu. Sistocin da muka buɗe ido muka gani, da aji muka san su, da ɗakin haihuwa, da rozari. Su tsaya nan. Siyasa tana da masu ita.

Maman Biyu: Baba, Allah ya ja kwana, amma an ba ka ƙarshen labarin ne an bar farkonsa. Tun 1966 take Brazil. A yankin Anapu na jihar Pará, cikin dajin Amazon, ƙananan manoma take koya wa karatu da noma. Gwamnati da kanta ta ware musu filin zama, sai manyan masu kiwo da masu yankan katako suka riƙa zuwa da takardun bogi, suna ƙone musu bukkoki. Ita ce mai iya rubutu, ita ta san ƙofar ofis. Ta rufe littafi ta ce wannan ba layina ba ne? Ranar da 'yan bindiga suka tare ta ma, taron manoman za ta. Shaidu sun ce Littafi Mai Tsarki ta ciro daga jaka, ta karanta musu "Masu albarka ne", suka ɗirka mata harsashi shida.

Baba Katikis: Ɗiyata, ai ba cewa na yi ta cancanci mutuwa ba. Cewa na yi da ta bar wa lauyoyi.

Maman Biyu: Wane lauya ne zai bi hanyar laka ya je wa wanda ba shi da ko kuɗin mota, Baba?

Ɗan Lauya: Ni zan ɗan kama wa Baba. Maganarsa tana da tushe a dokar Ikilisiya. Doka ta 285 da ta 287 sun hana fada, wato limamin Katolika, riƙe muƙamin gwamnati da shiga harkar jam'iyya, ta 672 kuma ta shimfiɗa hanin a kan sistoci. An ma taɓa zartar da shi. A 1983 Sista Agnes Mary Mansour ta karɓi shugabancin ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar Michigan a Amurka, ma'aikatar da ke biyan kuɗin zubar da ciki ga matalauta. Aka ce ta zaɓa, kujera ko riga. Ta ajiye rigar.

Malamar Jinya: To ai ka warware mana da kanka, ƙanena. An hana kujera da katin jam'iyya. Wace kujera Dorothy ta nema? Wace jam'iyya ta yi wa kamfe?

Ɗan Lauya: Yaya, kada ki yi saurin murna. Ba kullum iyakar take fitowa fili haka ba. A 2010 bishof-bishof na Amurka suka ƙi dokar inshorar lafiya ta Obama saboda batun zubar da ciki, sai wasu shugabannin sistoci suka sa hannu a wasiƙa suna goyon bayanta. Ɗan majalisa mai neman mafaka ya samu: ga sistoci sun ce halal. A 2012 wasu suka hau bas suna zaga jihohi suna sukar kasafin kuɗin 'yan jam'iyyar Republican, kuma shekarar zaɓe ce. Ba su riƙe kati ba, amma kowa ya san ɓangaren da ya ci riba. A Afrilun 2012 ɗin fadar Vatican ta ɗora Akbishof Peter Sartain a kan babbar ƙungiyar shugabanninsu, tana zarginsu da yawan magana kan talauci da yin shiru kan ɗan tayi.

Maman Biyu: Ƙarasa mana. A 2015, zamanin Fafaroma Francis, aka rufe binciken ba tare da an kori kowa ba. Amma na yarda da kai rabi: hawa bas a shekarar zaɓe ni ma bai kwanta mini ba. Sai dai kada a haɗa shi da na Anapu a kwano ɗaya.

Hajiya Tsohuwar Ɗaliba: Ku yi haƙuri in sa baki, ko da yake Musulma ce ni. Baba, ajin nan da kake kira wuri mai lafiya, mu ba haka muka same shi ba. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948. Da mahaifina ya kai ni makarantarsu, gwaggona wata uku ba ta taka gidanmu ba, wai an kai yarinya a mai da ita Kirista, a kuma hana ta aure. A lokacin, zaunar da 'ya mace a aji har ta gama sakandare babbar rigima ce. Kuma in makaranta ba ta taɓa mulki ba, me ya sa gwamnati ta karɓe na mishan a shekarun 1970? Makarantar Queen of Apostles ta Kakuri a Kaduna ai ita ce ta koma Queen Amina. Abin da ya zame maka al'ada yau, jiya faɗa aka yi a kansa.

Baba Katikis: Hajiya, wannan kin kama ni. Amma karatu daban, fito-na-fito da masu bindiga daban.

Malamar Jinya: Baba, bari in ba ka na gaban idona. Wani asibitin mishan da na yi aiki, an kawo mana yarinya da aka dawo da ita daga Libiya, ba ta fi shekara sha bakwai ba. Ƙafafunta sun kumbura, ga tabon sigari a cinya, ba ta magana, sai ta ƙanƙame wata 'yar leda mai ɗauke da lambar waya. Sistar da ke kula da ɗakin ta yi mata wanka da hannunta, ta ba ta kunu cokali cokali har kwana tara. Ranar da yarinyar ta buɗe baki, sai ta ce matar da ta tura ta tana unguwarsu, kuma ta fara zuwa wajen ƙanwarta. Sista ta cire safar hannu, ta sa takalmi, ta tafi ofishin 'yan sanda. Sau huɗu tana komawa kafin su rubuta. A wane mataki ta daina aikin Allah ta shiga siyasa, wajen kunun ko wajen takalmin? Irin wannan ne ya sa sistocin Najeriya suka kafa kwamitin COSUDOW mai yaƙi da fataucin mata a birnin Benin, na duniya kuma suka haɗu a ƙungiyar Talitha Kum a 2009.

Ɗan Lauya: Kai rahoton laifi ba siyasa ba ce, Yaya. Kowa ya wajaba ya yi.

Maman Biyu: Ai mai laifin ne ke raɗa masa suna siyasa. Ranar 2 ga Disambar 1980 dakarun gwamnatin El Salvador suka yi wa mata huɗu fyaɗe suka kashe su: Maura Clarke, Ita Ford, Dorothy Kazel, da Jean Donovan wadda ba sista ba ce. Abinci da magani suke kai wa 'yan gudun hijira. Jeane Kirkpatrick, wadda shugaban Amurka Reagan ya naɗa jakadiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fito ta ce ai ba sistoci kawai ba ne, 'yan gwagwarmayar siyasa ne. Wannan kalmar ce take ba ni tsoro a bakinmu, Baba, don na ga aikin da aka sa ta.

Baba Katikis: Allah ya tsare bakina da wanke mai kisa. Tsorona daban ne. Na ga masu riga da suka shiga taro da takarda har addu'ar safe ta gagare su. Rijiya in ana ɗiba ba ta tsattsafowa, ƙafewa take yi. Wadda ta burge ni ita ce ta Myanmar, Sista Ann Rose, da ta durƙusa a titi a 2021 tana roƙo kada a harbi yara. Durƙuso kam aikin sista ne.

Hajiya Tsohuwar Ɗaliba: Gaban 'yan sanda ta durƙusa fa, Baba, tsakiyar zanga-zanga.

Baba Katikis: Na gani, Hajiya, ba sai kin ƙara gishiri ba. Lahadi zan tare Sistar da ke koya wa yaranmu katikisim in tambaye ta, tunda duk cikinmu babu mai rigar. Amma maganar bas ɗin nan, ko ita ta ce daidai ne, ban sauka ba.