Neman kalma: me za mu kira "nostalgia" da Hausa?

Mai Fassara, Kano:
Assalamu alaikum jama'a, gudunmawa nake nema. Kwana uku ke nan ina fama da wata kalma a aikin fassara, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kalmar ita ce "nostalgia". Rubutun da ke hannuna yana magana ne kan yadda masu talla ke tono tsofaffin kaya da tsofaffin waƙoƙi don su taɓa zuciyar mai saye. Da farko na rubuta "kewar gida" na wuce abina. Da na dawo bita sai na ga ba ta zauna ba, domin mutumin da ake nufi bai je ko nan da can ba. Yana zaune a gidan da aka binne cibiyarsa, zuciyarsa ce ta tafi wani zamani.

Bari in kwatanta da abin da idona ya gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wani tsohon gwangwanin alewa a ƙasan akwatinsa. Babu komai a ciki sai kwabo mai huji guda biyu da sisi da sule ɗaya, kuɗin da aka daina karɓa bayan zuwan naira a 1973. Wani lokaci bayan la'asar sai ya ɗauko, ya zazzage su a tafin hannu, yana juya kwabon da babban yatsa. Bakinsa yana murmushi, idonsa ya cicciko. Sai ka ji ya ce, "Allah sarki. Da wannan sai ka ci ƙosai ka ƙoshi a bakin Kurmi." Na taɓa tambayarsa, "Baba, da za a mai da ku zamanin, kuna so?" Ya ce a'a, lokacin ƙyanda kwasar yara take yi. Ke nan ba komawa yake so ba. To wannan abin da ke kama shi, mai zaƙi da ɗaci a haɗe, shi nake nema wa suna.

Don kada a ce na zo hannu rabbana, ga abin da na sani game da asalin kalmar. Su ma Turawan ƙirƙirar ta aka yi. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya haɗa ta a birnin Basel na Suwizalan a 1688, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin komawa gida, ɗaya na nufin ciwo. Shi a wurinsa cuta ce sosai, wadda ke kama mutanen ƙasar idan sun yi nisa da gida, musamman sojojin haya da ke yi wa sarakunan waje yaƙi: mutum ya daina cin abinci, ya rame, har ya kwanta. Maganin kuwa a mai da shi garinsu. Har lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, likitocin soja suna rubuta ta cikin jerin cututtuka. Daga baya ne ma'anar ta tashi daga wuri ta koma kan lokaci. Tun 1798 masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya lura cewa wanda ya koma gida yakan tarar abin da yake nema ba ya nan, domin ƙuruciyarsa yake nema, ba garin ba.

To, me za mu ce?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ai dama na san Bakano ko tuna da zai yi, da kuɗi zai fara. Malam, kada ka wahalar da kanka, "tuna baya" kawai. Kowa ya san ta.

Mai Fassara, Kano:
Bazazzagi, na bar ka da Allah, bashin nan zan rama. Amma "tuna baya" aikin ƙwaƙwalwa ne, ba ruwanta da abin da zuciya ke ji. Mai bin ka bashi tuna baya yake yi. Shaida a gaban alƙali tuna baya yake yi. Maroƙi ma da aka ce tuna baya shi ne roƙo, lissafo maka kakanninka yake yi don ka sa hannu a aljihu, shi ba abin da ya taɓa shi.

Malamar Hausa, Katsina:
Sannunku da ƙoƙari. Kafin a zaɓi kalma, a duba yadda Bahaushe ke raɗa wa abin da yake ji suna. Ba kasafai yake yi da kalma ɗaya tilo ba. Yakan kama wani sashe na jiki ne ya faɗi halin da ya shiga: ciki ya yi fari ko ya yi baƙi, rai ya ɓaci, hankali ya tashi ko ya kwanta, gaba ya faɗi, jiki ya yi sanyi, zuciya ta karaya. Farin ciki kalma biyu ce, ba wanda ya taɓa cewa Hausa ta gaza saboda haka. Don haka masu jiran mu zo da kalma ƙwaya ɗaya don ta yi kunnen doki da ta Turanci, su daina jira.

Ni da "kewa" na fara. Kewa gurbi ce: wani ya tashi daga inda ka saba ganinsa, wurin ya zama wayam. Shi ya sa idan an kai amarya, washegari maƙwabta ke shigowa su ce wa uwar, "Ya kewa?" Sai na so in ce "kewar da", wato da can. Amma ku rubuta ta ku gani. Mai karatu zai ɗauka jimla ce aka fara ba a ƙarasa ba, irin "kewar da nake yi". Wanda kuma wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa zai ɗauka kewar ɗa ake nufi. A baki tana da daɗi saboda jan wasalin, a takarda ta mutu. Sai dai "kewar jiya".

'Yar Damagaram:
Malama, sannu da fama. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci, abu biyu ne a rabe: akwai "mal du pays" ga wanda ya bar ƙasarsu, akwai "nostalgie". Ta farko kam kewar gida ce, ba gardama. Ta biyu ni da "marmari" nake fassara ta. Marmarin jiya. Ko kuwa?

Malamar Hausa, Katsina:
'Yar'uwa, marmari ya fi kusa da harshe. Kin yi marmarin dambu, kin tashi kin turara, kin ci, magana ta ƙare. Shi kuwa abin da ke kama mahaifin Malam, ko an soya masa ƙosai tukunya guda ba zai lafa ba.

Jikan Mahajjata, Mai Wurno:
Ku ba ni dama in sa baki daga Sudan, ku yi haƙuri da Hausata. Garinmu yana bakin Kogin Nilu Shuɗi. Waɗanda suka kafa shi su ne mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakata a nan aka haife ta, a nan ta rasu, ƙafarta ba ta taɓa taka Sakkwato ba. Amma idan tana ba mu labarin "gida" kamar yadda ta ji a bakin uwarta, muryarta sai ta canza, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ku gaya mini, kewa ce wannan? Ai ba ka kewar abin da ba ka saba da shi ba.

A Larabci "hanin" muke cewa. Asalinta kukan taguwa ne, wato raƙuma, idan aka raba ta da ɗanta. Ita ce kalmar da ta zo a hadisin kututturen dabinon nan da ya yi kuka lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya daina jingina da shi ya koma kan mumbari. Idan na nemi 'yar'uwarta a Hausa, ban ga wadda ta kai "bege" ba. Mutum nawa ne suka tsufa suna begen Madina ba su taɓa ganinta ba?

Mai Fassara, Kano:
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Wallahi ka buɗe mini ido. Yaran yanzu da ke yaɗa hoton dalar gyaɗa ta Kano suna rubuta "Allah sarki Arewa", yawancinsu an haife su bayan dalar ta ɓace. Ba su rasa komai da suka saba da shi ba, amma abin yana sosa musu rai. Kewa ba za ta ɗauki wannan ba, bege zai ɗauka. To idan muka ce "begen jiya" fa?

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, ni ina da ja. Bege kalma ce mai alfarma. Idan aka ce "masu bege" ko "waƙar bege" an san inda aka dosa, an san Ishiriniya da daren Mauludi. Yanzu sai a ɗauke ta a jingina wa tallar sabulu?

Malamar Hausa, Katsina:
Malam, ina girmama wannan kishi naka. Amma kalmar ba ta taɓa zama a zaure kaɗai ba. Tun zamanin da ake aika wasiƙa ta gidan waya samari ke rubuta "begenki ya hana ni barci", ba malamin da ya ce sun yi saɓo. Haka "ƙauna" da "shauƙi", ana yi wa Allah da Manzonsa, ana yi wa mutum. Abin da aka jingina wa kalmar shi ke nuna matsayinta.

Ɗan Jos:
Ga wani abu da watakila ba kowa ya sani ba. A wurinmu a coci, "bege" gaba yake kallo. Idan muka ce bangaskiya da bege da ƙauna, sa rai muke nufi ga abin da bai zo ba tukuna. Har suna ake raɗa wa yara da shi. Da na fara ganin "begen jiya" sai da na ɗan tsaya. Da na sake maimaitawa sai na ji ta ma fi yi mini daɗi: kana sa rai ga abin da ya riga ya wuce, ka kuma san ba zai dawo ba. Ai ciwon ke nan. Amma kada a yar da "jiya", idan aka bar bege shi kaɗai mutanenmu za su fahimci wani abu dabam.

Bazazzagi:
Ni fa "jiya" ɗin ce ba ta kwanta mini ba. Jiya ai kwana ɗaya ne.

'Yar Damagaram:
Haba Yaya. Da aka ce jiya ba yau ba, ranar Talata ake nufi? Na janye marmarina, na bi bege.

Ɗan Zango, Kumasi:
Ni ban yarda a kori kewa gaba ɗaya ba. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka bar Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fita. A Kumasi aka haife shi, aka ce ya koma "gida", ya sauka garin da bai san kowa ba. Har ya rasu, idan ya fasa goro sai ya shinshina ya ce bai kai na can ba. Mu nan muna cewa yana kewarmu. Shi wanne ne nasa, kewar gida ko begen jiya? Wane gidan ma?

Mai Fassara, Kano:
Allah ya jiƙansa. Ina jin shi duka biyun suka haɗu masa, kuma ba laifi ba ne a faɗe su tare. Kumasi tana nan, da ya samu mota zai je. Kumasin da ya bari kuwa ba motar da ke zuwa can.

Ɗan Boko:
Duk wannan dogon Turanci na mene ne? A rubuta "nostaljiya" a huta. Ba haka muka yi da kwamfuta da intanet ba?

Mai Fassara, Kano:
Ƙanena, aro ba abin kunya ba ne, rabin kayan ɗakinmu na aro ne. Amma kwamfuta da mota da rediyo sun zo mana da sunansu ne saboda ba mu da su kafin nan. Wannan kuwa ba a jirgi aka kawo shi ba. Mutanen da suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba sun san shi sarai, har sun gano inda yake ɓuya. Sannan ka je ka ce wa tsohuwa tana fama da nostaljiya, ka ga in ba ta tambaye ka ko ana samun maganinta a kemis ba.

Ga inda na tsaya, sai in wani ya zo da wadda ta fi. Inda ake nufin wanda ya yi nisa da garinsu, ɗalibi a makarantar kwana ko ɗan ci-rani a Legas, zan rubuta "kewar gida". Inda ake nufin zamanin da ya shuɗe, "begen jiya". Na gwada ta a jimla ta tafi lafiya: "Tallar tana tayar wa mutane da begen jiya." "Begen jiya ya kama shi da ya ji ƙamshin ruwan farko." Ga mai yawan yi kuma, "mai begen jiya". Malama, in da gyara a yi mini.

Malamar Hausa, Katsina:
Ba gyara. Sai dai ka gwada ta a kunnen wanda bai yi boko ba kafin ka miƙa aikin.

Mai Fassara, Kano:
Na bi shawararki, Malama. Da daddare na shiga wajen Hajiyarmu, gwangwanin nan yanzu a ɗakinta yake, cikin kwalla. Na ce, "Hajiya, idan na ce mutum yana begen jiya, me kika fahimta?" Ba ta ko ɗago daga carbinta ba ta ce, "Irin na babanku da kwabbansa." Na ce to ke ma idan kin buɗe gwangwanin, begen jiyan ne? Ta yi shiru, ta ja ƙwaya biyu. Ta ce, "A'a. Ni Malam nake kewa."